Bushiyar Inna da Haƙorin Ƙanena

Giɓin da ke bakin ƙanena ni na yi masa shi, da hannuna na dama, a tsakar gidanmu na Daura, ina da shekara arba'in da 'yan kai. In aka tambaye shi sai ya ce babur ne ya kayar da shi a hanyar Zango. Ba babur ba ne. A kan bushiya muka yi faɗa, bushiyar ma ta zane.

Mahaifinmu fataucin awaki yake yi zuwa Kongolam, can bakin iyakar Nijar. Wata ranar kasuwa ya dawo da littattafai uku masu hotuna, wata mai ƙosai ce ta ba shi don takardarsu ta cika santsi, ba ta ƙunsuwa. Daga tsallaken iyaka suka fito, rubutunsu na Faransanci ne, kuma duk gidanmu babu wanda ya san ko baƙi ɗaya a ciki. Hotunan dai ba su da wuyar ganewa. Bushiya ce riƙe da fitila tana bi gida-gida tana ƙwanƙwasa ƙofa. Zomo ya leƙo ya girgiza kai, kunkuru ya leƙo ya girgiza kai, haka har littafi na uku, inda a shafin ƙarshe aka nuno ta rungume da wata 'yar ƙaramar bushiya mai wani abu rataye a wuya.

A shekarar ne ƙyanda ta ɗauke mana ƙanwarmu, wadda ko yaye ba a yi mata ba. Ina da shekara bakwai, ƙanena yana da huɗu. Ni ne ɗan fari, don haka tsakanina da Inna akwai kunya: ba ta kiran sunana, ba ta jawo ni jikinta, ko abinci za ta ba ni sai ta ajiye ta ce a gaya wa wancan ya ɗauka. Bayan la'asar sai ta ɗora ƙanena a cinya, ta buɗe littafi, ta sa yatsa a ƙarƙashin rubutun tana bi layi-layi kamar mai karatu. Ta ce 'yar bushiya ce ta ɓata, uwar ta fita nemanta, ba ta ci ba, ba ta sha ba, har ta same ta lafiya lau a wani gida mai kyau. Abin da ke wuyan 'yar kuwa laya ce, ita ta tsare ta. Ni ina can gindin turmi ina yin kamar wasa nake, amma ko kalma ɗaya ba ta wuce ni.

Na yarda Inna ta iya Faransanci kamar yadda na yarda da sunana. Ranar da ɗan maƙwabcinmu ya ce uwarmu ko Hausa ba ta iya karantawa ba, na danne shi a kwata, na turmusa fuskarsa, na ɗauki dutse na fasa masa hanci. Mahaifinmu ya zane ni da tsumagiya har sai da ta ƙare a jikina, ban ce na tuba ba. Da na girma na gane gaskiyar ɗan maƙwabcin, amma ban taɓa furtawa ba, kuma ban yarda wani ya furta a gabana ba. Zuciya ce da ni, duk unguwa an sani.

Littattafan suna nan a ƙasan adakar Inna, an ɗinke bayansu da zare. Da muka hayayyafa sai ta ci gaba da karanta wa jikoki, da yatsan nan nata a kan layi. 'Yata ta biyu ta haddace labarin tsaf, har takan gyara wa kakarta in ta tsallake gidan kunkuru.

Ƙanena ya yi karatu ya zama malamin Faransanci a wata sakandare a Zango. A wani dogon hutu, cikin damina, ya zo da iyalinsa yana ta murna, ya ce ya samo abin mamaki a wajen masu tura fim a waya: ashe an yi fim ɗin bushiyar Inna, har an yi masa fassarar Hausa. Aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, aka shimfiɗa tabarmi, yara suka yi layi a gaba. Inna ta zauna a kujerarta 'yar tsuguno, da carbi a hannu.

Bushiyar ce dai, da fitilarta, ba ta canza ba. Amma tana buɗe baki sai muka ji muryar ƙato. Namiji ne, mai gadin wani sito, malalaci, barci ya kwashe shi makullin siton ya ɓace, shi ne yake bi gida-gida yana cigiya kafin maigidansa ya dawo. Yana faɗawa rami, yana cin karo da ƙofa, ƙudan zuma suna bin sa. A ƙarshe ya kama ɗan maƙwabta da makullin rataye a wuya, ya rungume shi don murna.

Da aka gama kowa ya kawo nasa. Matata ta ce mai fassarar ya cika ihu, ya sa mata ciwon kai, amma wurin ƙudan zuman ya ba ta dariya. Matar ƙanena ta ce ita abin da ya burge ta babu rawa babu waƙar banza, ko gaban suruki za a iya kallonsa. Yaran suka rabu biyu, wasu suna cewa a maimaita, wasu suna kwaikwayon tafiyar kunkuru. Inna ma na ga ta yi murmushi sau biyu. Ni kuwa tun daga muryar ƙaton nan fuskar Inna nake kallo, ba talabijin ba.

Sai 'yata ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta ce fim ɗin ƙarya ne, ba su karanta littafin da kyau ba, ai mace ce, kuma laya ce ba makulli ba, a tambayi Kaka.

Ƙanena ya kwashe da dariya har yana dukan cinya. Ya ce, “Ke 'yar nan, fim ɗin ne daidai. Kakarku hoto take kallo ta shirya mana nata. Yaya, ka tuna yadda muke zubar da hawaye a kan makullin sito?”

Ban san lokacin da na tashi ba. Naushin farko a baki na same shi, yana tsakiyar dariyar, na ji haƙorinsa ya shige ƙashin yatsana. Ya faɗi ta baya a kan yara, ya taso da jini yana zuba a rigarsa, ya tofar da haƙorin a kan tabarma. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya rarumi kujerar da ke kusa ya maka mini a kafaɗa har ƙafarta ta karye. Muka kama kokawa. Muka bangaje teburin da aka ɗora talabijin, ta faɗo ta fuska, gilashinta ya watse, muka bi ta kansa da ƙafa ba takalmi ba mu ji ba. Na kai shi ƙasa a cikin taɓon bakin rariya, na hau ruwan cikinsa, na shaƙe shi da hannu biyu. Ya yakushe mini fuska, ya cije ni a dantse, ban sake shi ba. Ina buga kansa da gindin turmi ina cewa ya maimaita abin da ya faɗa, alhali na toshe masa hanyar magana. Yara suna ta kururuwa. Matata ta kwara mana bokitin ruwa, matarsa tana jan rigata har ta yage. Na ga idonsa ya fara juyewa, kuma wallahi a lokacin ban ji tausayinsa ba.

Sai na ji an riƙe mini hannu ta baya. Na fizge da ƙarfi, gwiwar hannuna ta daki wani abu mai taushi, na ji an faɗi. Da na waiwaya Inna ce a ƙasa, ɗankwalinta ya cire, furfurarta a waje, ta dafe ido ɗaya. Carbinta ya tsinke, 'ya'yansa sun bazu cikin taɓo.

Maƙwabta da suka shigo rabon faɗa suka tsaya a bakin zaure, babu wanda ya ƙaraso. Na saki wuyan ƙanena, yana tari yana jan numfashi. Na miƙa hannu zan ɗaga Inna, ta kau da kai, ta kama hannun matata ta miƙe. Shekara arba'in ba ta taɓa jikina ba, ranar da ta taɓa ni kuma abin da ta samu ke nan.

Aka kai ƙanena asibiti aka ɗinke masa leɓe da ƙeya, ni aka ɗinke mini yatsa. Kwana uku ina zuwa ƙofar ɗakin Inna in durƙusa in gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Idonta ya kumbura ya yi baƙi. A rana ta huɗu na tarar matata tana gasa mata shi da ruwan ɗumi. Na durƙusa, na ce ta yafe mini, mutuncinta nake karewa, ba zan iya ji ana yi mata dariya a gaban jikoki ba.

Ba ta kalle ni ba. Matata ta yi wa magana, kamar ba na wurin.

“Ki tambayi mijinki, ni na ce masa na ji kunya? Ɗan'uwansa tun yana sakandare ya karanta mini littafin nan kaf, muka sha dariyarmu, na ce ya rufe bakinsa. Da aka binne yarinyar nan, wancan bi yake gida-gida yana tambayar ko an ga ƙanwarsa. Ya daina cin abinci. Ni kuma ba dama in ɗauke shi in rarrashe shi. Shi na shirya wa labarin, ƙaramin ai barci yake yi a cinyata.”

Ban tuna na bi gidajen mutane ba, har yau ban tuna ba. Na dai tuna gindin turmin, da yadda take ɗaga murya in ta zo shafin ƙarshe. Na fita zaure na zauna, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Ta yafe mini, ƙanena ma ya yafe, ko da yake sai da aka shekara kafin ya sake kwana a gidan. Na ce zan kai shi a sa masa haƙori, ya ce in bar shi haka. Idon Inna ya warke. Amma bayan sati biyu da faɗan, 'yata ta ɗauko littafin ta kai mata bayan la'asar kamar yadda ta saba. Inna ta juya shi a hannu, ta shafa bangon, ta mayar mata. Ta ce ta ajiye sai baffanta ya zo, shi ne ya iya karatu.

Yanzu in ya zo hutu shi yake karanta musu, da makullin da siton da komai, iska tana fita ta giɓin in ya zo kan wasu kalmomi, yara suna dariya. Inna tana gefe tana jan sabon carbinta. Ni nakan tsaya daga bakin zaure har a kai shafin ƙarshe, sannan in sa takalmina in tafi masallaci.