Zunnuraini Mai Faci da Empinsa

Ina fere rake da hantsi a bakin tashar boda sai na hango Mansur direba ya tsallako titi ya nufo ni, hularsa a hannu. Bai taɓa sayen rake a wurina ba, don haka tun kafin ya buɗe baki na ajiye wuƙar.

Ya ce, "Mujahid, sai haƙuri. Zunnuraini ya cika ɗazu, can Farfaru. Ƙaninsa ya kira ni."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a bakin barona, hawaye suka zubo. Amma a cikin kukan nan akwai tambayar da ta tsaya mini a wuya, har yau ba ta wuce ba. Me ya sa shi aka kira, ba ni ba?

Zunnuraini ɗan Farfaru ne, ɗan manoma. Noma bai karɓe shi ba, sai ya shigo Jibiya yana saurayi ya koyi faci, ya kafa rumfa kusa da inda manyan motoci ke yin layi kafin su tsallaka Nijar. Gajere ne kakkaura, mai yawan dariya, hannunsa kullum baƙi ƙirin da taya. Ya bar matarsa Rabi'a da 'ya'ya huɗu. Duk direban da ke bin hanyar Maraɗi ya san shi da abu biyu: facinsa ba ya tashi, rakodarsa ba ta yin shiru.

Rakodar nan a ginshiƙin rumfa take rataye, murfinta ya karye an ɗaure shi da robar taya. Da yake hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai, kuma barona na gefen rumfarsa, ni na zama mai kula da ita. Ni ke juya kaset. Ni ke zura biro in mayar da zare baya don kada batir ya ƙare a banza. In ta cinye zare, ni ke zaro shi a hankali in liƙe da jan farcen matata. Da la'asar 'yan dako da masu canji su cika bencin, kowa da raken da yake tsotsa, a yi ta gardama a kan waƙa. Shi kiɗan noma da na 'yan dambe yake so, ni kuwa goge. Yakan ce, "Kai dai kunnenka na katako ne, Mujahid." In ce, "Naka kuwa na roba, ga shi nan an yi masa faci." Haka muka yi furfura tare.

Sai Mansur ya zo. Mutumin Maraɗi ne, yana jan kamyo, kamar yadda suke ce wa babbar mota. Tayarsa ta fashe ya wuni a rumfar. Ya dubi rakodar ya bushe da dariya, ya ce, "Wanga abu har yanzu yana duniya?" Zuwansa na gaba ya kawo wa Zunnuraini tsarabar wata 'yar na'ura da ake ce wa empi. Ba ta kai kwalin ashana ba, ga memori a cikinta da waƙoƙin da suka fi buhun kaset, ga igiya mai kai biyu da ake cusawa a kunne.

Da farko tsoronta yake ji. Yakan goge yatsa a riga ya daɗe kafin ya danna, in ta tsallake waƙa ya ce aljana ce. Kafin damina ta wuce ya gane kanta. Ya sa tela ya ɗinka mata aljihu a cikin rigar aikinsa. Wata rana ya zare igiyar, idonsa ya yi rau-rau, ya ce, "Mutumina, ka san akwai wani mai ƙaramin kalangu a bayan waƙar nan? Tun muna samari muke jin ta, ban taɓa sanin yana nan ba sai yau. Ƙarar injin iska ce ke danne shi."

Na ce, "Allah ya bar ku tare, kai da shi."

Rakoda ta koma cikin buhu a ƙarƙashin benci. Rumfar ta yi tsit, 'yan dako suka watse, kowa ya koma kan wayarsa. Sai in kira shi in sake kira, yana can yana gyaɗa kai ga abin da ba na ji. Shi ba laifi ya yi ba, na sani. Mutum ne mai son kiɗa, ya samu inda zai ji shi tas. Amma ni hannuna ya rasa aiki, bakina ya rasa abokin gardama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da Mansur ke gari. Zai zo da sabon memori, su zauna kafaɗa da kafaɗa, kan igiya ɗaya a kunnen wannan, ɗaya a kunnen wancan, kamar awaki biyu a turke ɗaya. Su yi dariya lokaci guda, su yi shiru lokaci guda. Ni ina gefe ina fere raken da ba wanda ya ce in fere.

Sau ɗaya Zunnuraini ya zare nasa ya miƙo mini. "Zo ka ji wannan gogen, irin naka ne."

Na ce, "Ba na sa abin da ya fito daga kunnen wani."

Mansur ya ce, "To mi kake tsoro, Malam Mujahid? Kada waƙar ta maƙale ciki?"

Suka yi dariya. Bai sake miƙo mini ba, ni kuma ban roƙa ba.

Lokacin da aka rufe boda kowa a Jibiya ya ji a jikinsa. Motoci suka ɗauke, rakena yana bushewa a baro. Ni kaɗai nake da wani ɗan daɗi a ɓoye, don kamyon Mansur ya tsaya can tsallake. Na fito da rakodar na kakkaɓe ta, na sayi batir. Mun ji kaset biyu ko uku kamar da. Sai ga wani ɗan acaba mai bi ta daji ya tsaya a rumfar, ya zaro ledar alawa daga cikin hularsa ya ce saƙo ne daga Maraɗi. Memori ne a ciki. Gwamnati biyu ba su iya raba su ba, balle ni mai rake.

Bara, bayan an buɗe boda, ciwon ƙirji ya fara kama shi. Ya yi ta daurewa har ya kai ba ya iya ɗaga taya, sai danginsa suka mayar da shi Farfaru. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya raya abin da ya bari.

Zuwana na ƙarshe na same shi kwance a tabarma a zaure, ya rame har zobensa na yawo a yatsa. Hannunsa ya yi fari, ban taɓa ganinsa haka ba. A gefensa ga ledar lemo da dabino.

Na ce, "Wa ya kawo wannan?"

Ya yi murmushi. "Ka sani, kake tambaya."

"Ya riga ni ke nan."

"Shi da mota yake, kai da ƙafa. Zauna mana, ka tsaya mini a kai kamar ɗan kwastan."

Na zauna, na fere masa rake na yayyanka ƙanana yadda zai iya tsotsa. Can na ce, "Yau ba kiɗa?"

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya fito da empin. "Ta mutu. Nan ba wuta. Ka tafi da ita Jibiya a yi mata caji, ka dawo mini da ita."

Na riƙe ta a tafin hannuna. Ranar na fara taɓa ta. Na ce, "Me ya hana ka ba Mansur? Ai yana nan ɗazu, kuma a motarsa ma zai yi cajin."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na tallafe shi na ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Mansur? In na ba shi, goge mini tsofaffin zai yi ya cika ta da na yaran zamani. Tsofaffin nan namu ne, ni da kai. Ba na so kowa ya taɓa su."

Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Na ce, "To ni ba ka tsoron in goge?"

"Kai? Ko kunna ta ba ka iya ba."

"In ka warke ka koya mini."

Ya ce, "Ka dai kawo ta tukuna, mai kunnen katako."