Kunyar Ɗan Fari

Da aka ɗauke mu aikin zagayen gidajen masu jego, kwana uku aka yi ana ba mu horo a Filingue. Ungozomar gidan likita ta ce mu duba cibiya, mu duba nono, mu auna jariri, sannan mu sa ido a kan uwar. Idan ba ta kallon ɗanta, ba ta yi masa wasa, to akwai abin da ke cin ta a zuci, mu kawo labari. Saura kaɗan dariya ta ƙwace mini. A ƙasarmu ta Kurfai wace mai tarbiyya ce ke zuba wa ɗan farinta ido a gaban mutane? Ni nawa har ya yi gemu, ban taɓa kiran sunansa ba.

Cikin gidajen da aka ba ni akwai ɗaya a wata tunga ta wajen Imanan. Haihuwar fari ce. Uwar mai jegon ta rasu, don haka ba inda za ta je wankan gida, mijin kuma ya tafi cin rani tun da aka ɗaure gero. Daga ita sai surukarta, tsohuwa mai baki kamar rediyo.

Zuwana na farko na iske jaririn a cinyar tsohuwa, uwar ta kau da kai tana tsinkar yakuwa. Na yaba mata a raina. Zuwa na biyu ma'auni bai motsa ba. Na uku ya ja baya, fatar yaron ta fara saki.

Na ce, "Ɗiyata, shina shan nono kuwa?"

"Shina sha, Inna." Idonta a ƙasa.

Tsohuwa ta karɓe zancen. "Kunya ta! Mi kike so, ta rungume shi gabana? Ke ba ki yi ma naki kunya ba?"

Na yi mana, shi ya sa kaina ya ɗaure. Na riƙe biro na rasa abin rubutawa. In na ce ba ta da lafiya, na yi wa mai ladabi ƙazafi, tsohuwa kuma ta rufe mini ƙofa. In na ce lafiya lau, yaro ya ci gaba da bushewa da sa hannuna.

Sai na yi abin da bai dace da shekaruna ba. Na yi sallama, na zagaya bayan rumbu, na laɓe ina leƙe ta ramin zana. Tsohuwa ta ɗauki guga ta nufi rijiya. Na san in kunya ce kawai, wannan lokacin uwa take jira, ta sure ɗanta, ta shinshina kansa, ta yi masa surutan banza kafin a dawo.

Amma sai yaron ya fara kuka a kan tabarma. Ita ko tana zaune, hannu a gwiwa, tana kallon bango. Ya yi ta yi har muryarsa ta dishe, ga shi ba kowa a gidan balle ta ji kunyarsa. Tsoro ya kama ni.

Na koma ciki na ɗora mata shi a ƙirji. Can ta ce, "Inna, ina jin kukan, amma kamar daga wani gida."

Washegari muka hau amalanken jaki zuwa gidan likita, tsohuwa na biye tana faɗa har muka isa. Yaron ya murmure. Uwar ma, a hankali.

Ni ce ban samu kaina ba. Na yi ta ƙoƙarin tuna abin da nake yi idan tawa surukar ta tafi rijiya. Na tuna ɗakin, na tuna tabarmar, har ƙamshin kunun kanwa. Ban tuna na ɗauki ɗana ba. Kunya ce, ko ni ma bango nake kallo? Ba wanda ya laɓe mini bayan rumbu balle in tambaye shi.

Na kira ɗan nawa a waya, yana Yamai.

Ya ce, "Inna, lahiya?"

Na buɗe baki zan faɗi sunansa, ya ƙi fita. Na ce, "Kai, ka ci abinci?"