Karar da Muka Yi wa Dakta

A farkon shekarun tamanin ina aiki a wata masaƙa a garin Greensboro na Amurka. Muna haya a East Greensboro, a gidan wata tsohuwa baƙar fata da mijinta ya rasu. Mama muke ce mata, ni da matata. Idan sanyi ya shigo takan kashe hitar ruwa saboda tsadar wuta, ta dafa ruwan wanka a tukunya, ta ɗauka da hannuwan da sanyin ƙashi ya lanƙwasa. Cocinsu ya daɗe yana roƙon majalisar gari ta sa wa gidajen tsofaffi na'urar nan ta kan rufi mai ɗumama ruwa da zafin rana. Gidan Mama na cikin waɗanda za a fara da su, kuma ta sa rai sosai.

Mu Hausawa ba mu da yawa a garin lokacin. Babbanmu wani Bakano ne da muke kira Dakta. Ya gama jami'a ya samu aiki a wata cibiyar bincike, irin waɗanda ke rubuta wa 'yan majalisa shawara. Ban san me suke bincikawa ba. Abin da na sani, da aka haifa mana 'ya, shi ya ɗauke ni a motarsa zuwa wata gona a Pleasant Garden muka zaɓo rago, shi ya yanka, matarsa ta soya.

Wata Lahadi ya leƙo gidanmu, ko zama bai yi ba.

"Malam, ranar Talata zan yi magana a majalisar gari. Ku zo ku yi min kara. A sa manyan kaya."

Na ce Allah ya kai mu. Yana fita matata ta ajiye ludayi.

"Kara a kan me? Biki ne ko rasuwa?"

"Aikinsu ne na ofis."

"Ofishin nan nasu, me suke sayarwa?"

"Ba sa sayar da komai. Tunani suke yi."

"To wa ke biyan kuɗin tunanin? Ba gwamnati ba, ba makaranta ba, ga shi har ana maganar zai koma kusa da Irving Park, unguwar masu kuɗi."

Na ce mata mutumin da ya tsaya maka ranar suna ba a yi masa tambayoyin ɗan sanda. Ta ce ita dai ba ta zuwa.

Muka je da manyan riguna da huluna, aka zaunar da mu a bayan Dakta. Wani Bature mai kwat ruwan toka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannu, yana murmushi, bai faɗi sunansa ba. Sai da na zauna na hango Mama a ɗaya ɓangaren, cikin mutanen cocinsu, da malafarta ta zuwa ibada. Ta ɗago min hannu. Ta ɗauka don ita na zo.

Dakta ya miƙe. Turancina na masaƙa ne, amma na gane inda ya dosa. Ya ce bincikensu ya nuna na'urar ba ta mayar da kuɗinta, gara a bar harkar wuta a hannun waɗanda suka iya. Sai ya juyo ya nuna mu, ya ce ga mutanensa nan daga ƙasar da rana ke fasa dutse, su ma sun san ba a dogara da ita. Duka ɗakin ya juyo yana kallonmu. Muka gyaɗa kai, yadda ake yi idan babba ya ambace ka a taro. Ni ma na gyaɗa.

Majalisa ta ɗage maganar sai an ƙara nazari. A wajen ajiye motoci na ga mai kwat ruwan tokan nan yana dafa kafaɗar Dakta, sannan ya shiga wata mota mai tambarin kamfani a ƙofa. Kafin in karanta rubutun ta wuce.

Na tare Dakta. "Wane ne wancan?"

"Ɗaya daga cikin masu taimaka wa cibiya."

"Me yake sayarwa?"

Ya yi dariya. "Hajiyarka ce ta aiko ka ke nan. Malam, masu ba da gudummawa ba sa taɓa mana alƙalami."

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ba ni da karatun da zan ƙaryata lissafinsa, kuma har yau ban san ko kamfanin na wuta ne ko na kwal ko na wani abu daban ba. Na dai riƙa sa kunne daga ranar. Duk lokacin da aka ɗauko maganar wutar rana ko ta iska, a rediyo ko a jarida, cibiyarsu na da bincike a shirye, kuma ban taɓa jin ya faɗo wani ɓangare ba sai wancan. Kuma idan lissafin ya isa, me ya sa aka buƙaci hulunanmu?

Da na koma gida na tarar da Mama a baranda, ba ta ko cire malafar ba.

"Kayan nan sun yi maka kyau, yarona," ta ce. "Faɗa min, da gaske a ƙasarku rana ba ta ɗumama ruwa?"

"Tana ɗumamawa, Mama. Uwata a tsakar gida take ajiye bokiti da hantsi, da la'asar ta yi mana wanka."

"Me ya hana ka tashi ka faɗa musu?"

"Ba ni aka kira in yi magana ba."

"Amma an kira ka ka zauna."

Ba ta tashe mu daga gidan ba, ba ta kuma daina goya 'yarmu ba idan matata za ta fita. Da shekara ta zagayo cocin ya sake kai ƙorafinsa majalisa, aka sake ɗagewa. A bakin wani maƙwabci na ji, bayan an yi an gama. A ranar Mama ta shirya ta fita ta gabana, na gaishe ta, ta amsa, ba ta ce min ga inda za ta ba.