Itatuwan Gawo na Gonar Yelwa

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a bakin Kasuwar Shanu ta Potiskum, da itacen Yelwa aka dafa masa, ko ya sani ko bai sani ba. Doguwa ce, baƙa, mai ƙashi, ga murya kamar ta mai kiran shanu. Masu tuwo da masu tsire duk a hannunta suke saye, don itacenta busasshe ne, ba ta cusa ɗanye a tsakiyar ɗauri. Gidanta yana Dogo Tebo. Gonarta kuwa tana kan hanyar Mamudo, dab da titi, ita ce abin da maigidanta ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata huɗu da jaki ɗaya.

Mai itace ce, amma ba a taɓa ganin ta sare bishiya daga gindi ba. Reshe take datsewa, ta shanya, ta bar uwar. In kututture ya yi toho a gona, sai ta zaɓi tsiro biyu masu ƙarfi ta bar su, ta fizge sauran. Haka ta ga ubanta yana yi. Shekara goma sha bakwai tana wannan fama, har gonar ta cika da kalgo da aduwa da magarya, ga itatuwan gawo guda tara jere a gefen titi, waɗanda ta raina tun ba su kai gwiwarta ba. Da rani 'ya'yan gawon ne abincin awakinta. Da damina kuwa geron da ke ƙarƙashinsu ya fi na ko'ina tsayi.

Mutane ba su yaba ba. A nan ana gane manomin kirki ne da gona ƙal kamar tsakar gidan amarya, saboda haka tata sai aka sa mata suna gonar ƙazama. Wanda ya fi kowa faɗar haka shi ne Ari, ƙanin marigayin mijinta, mutumin da babbar rigarsa ta fi aikinsa yawa.

A shekarar alif ɗari tara da casa'in da biyar ruwa ya yi jinkiri. Da ya zo sau ɗaya aka yi shuka, sai ya ɗauke, shukar ta ƙone. Lokacin ne rediyo ta kama maganar ɗumamar duniya ba dare ba rana. Ari ya ce ƙaryar Turawa ce, zafi ai tun kakanni ana yin sa.

"Kai da ba ka jan ruwa, ina za ka sani?" in ji Yelwa. "Ranar da aka kawo ni gidanku, igiyar gugarmu gaba takwas ce. Yau goma sha huɗu, da hannuna na ƙara kowace gaba. Ina maiwar da uwarka take shukawa? Wa ke shuka ta yanzu ta nuna? Tafkin da yayanka yake kama tarwaɗa, yau ƙwallo ake bugawa a ciki. Ba sai Bature ya gaya mini ba. Kafaɗata ta riga shi."

Ari ya ce ita dai bakinta ba ya hutawa. Ta ce da nasa hannun ne ba ya hutawa, da ya fi.

To, ashe a cikin gari an kafa wani kwamiti na shuka bishiyoyi, suna neman fili a bakin titi inda babban baƙo zai tsaya da motarsa ba tare da takalminsa ya sha ƙasa ba. Ari ya ji labari. Shi da ya ce ƙarya ce, shi ne ya kai kansa, ya ce gonar gidansu ce, a yi yadda aka ga dama, dama tana bukatar shara. Aka yi masa alkawarin kujera a layin gaba. Matar da ke noma gonar kuwa ba wanda ya tambaye ta.

Ranar Litinin da hantsi Yelwa ta taho da jakinta don ta sake shuka. Tun daga nesa ta ji sarar gatura. Ta ɗauka a gonar maƙwabci ne, sai da ta karyo kwana ta ga sarari inda ba a saba ganin sarari ba. Gawo huɗu a ƙasa. Sauran biyar an shafa musu jan fenti a jiki, leburori shida suna tofa yawu a hannu za su kama na biyar.

Ta saki igiyar jakin. Ba ta yi salati ba ma, ihu ta yi.

"Wanda ya ƙara ɗaga gatari, wallahi sai na ɗaga nawa!"

Leburorin suka tsaya cak. Wani saurayi fari mai tabarau, da takarda a hannu, ya taho da murmushi. Shi ne Muhammadu Lawan, sakataren kwamitin, haifaffen birni, wanda bai taɓa kwana a gona ba.

"Sannu Iya, ki kwantar da hankalinki. Alheri muka kawo. Matattun itatuwan nan za mu kawar, mu shuka sababbi guda ɗari biyu."

"Waɗanne ne matattun?"

"Ga su nan. Dubi fa, damina ta shigo, kowace bishiya ta yi kore, su ko ganye ɗaya babu."

Yelwa ta dube shi daga tabarau har takalmi. Sai ta juya kan leburorin, waɗanda duk 'yan ƙauyukan nan ne, ta san iyayen rabinsu.

"Shi baƙo ne, bai sani ba. Ku fa? Kai ɗan Ya Kaka, a gindin gawo uwarka ta yaye ka. Ba ka san gawo da damina yake zubar da ganye ba, da rani ya fitar? Bakinka ciwo yake yi da ba za ka gaya masa ba?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Iya, mu aiki aka ba mu. Kuma an ce itacen namu ne."

"Allah ya isa tsakanina da cikinku."

Ta zaro gatarinta daga mangala, ta je jikin wanda aka shafa wa fenti, ta ɗan ɓantari ɓawon a hankali, kamar mai cire wa jariri ƙaya. Ciki ɗanye shataf. Ta kamo hannun Muhammadu Lawan, da takardar da komai, ta manna yatsunsa a wurin.

"Taɓa. Wannan ne mataccen? Ganyen da ya zubar shi ne takin gona. Ya tuɓe ne don gero ya sami rana. Shi ya san aikinsa. Kai a makarantar taku me aka koya maka?"

Saurayin ya dubi yatsunsa, ya dubi huɗun da ke kwance. Murmushin ya tafi. Amma mai takarda ba ya saurin cewa ya yi kuskure, sai ya kama bayani: duniya tana ɗumama, hamada tana tahowa, kowa sai ya ba da tasa gudummawar, musamman masu sayar da itace, don su ne suke ƙarar da daji.

"Ɗumamar gaskiya ce, ban musa maka ba. Amma murhuna mai duwatsu uku ne ya dafa duniya?"

"A'a Iya, yawanci hayaƙin masana'antu ne da motoci, a can ƙasashen waje."

"To ka je can ka shafa musu jan fenti mana! Ka tsallake masu hayaƙi, ka tsallake manyan motocin da ke kwasar itace ɗanye zuwa birni kowace safiya ta wannan titin, sai gonar bazawara ka gani? Gudummawa ka ce. Shekara goma sha bakwai ina ba da tawa, kafin ka gama karin kumallo ka kwantar da huɗu."

Ya ce shi dai an riga an tsara, ranar Alhamis baƙo zai zo, nan za a kafa rumfa, kuma mai gonar ya ba da izini. Daidai nan Ari ya sauka daga kan acaɓa yana gyara riga.

"Haba matar yaya, kada ki kunyata mu gaban manya."

"Mai gona! Zo nan, mai gona. Nuna wa yaron nan iyakarta ta gabas."

Ari ya nuna wajen wata magarya. Leburori suka fashe da dariya, don magaryar tana tsakiyar gonar maƙwabci ne.

Yelwa ta juya ga Muhammadu Lawan, muryarta ta sauka, wanda hakan ya fi ihun ban tsoro. Ta ce in aka taɓa gawo na biyar, ranar Alhamis za ta ɗaura ɗanyen gungume a jakinta ta ja shi har gaban baƙon, ta karɓi lasifika ta gaya wa jama'a yadda masu shuka bishiya suke fara aikinsu. Ya shiga lissafin abin da zai faɗa wa shugabansa. Daga ƙarshe ya ce wa leburori su ajiye gatura, rumfar ta matsa ta shiga inda aka riga aka sare.

Ba ta yarda da bakinsa ba. Kwana uku tun asuba tana gindin biyar ɗin nan, har Alhamis ta zo da motocinta da makaɗanta. Ari yana layin gaba. Baƙon, wani mai tumbi da hula doguwa, ya dasa ɗan tsiron bishiyar turare ɗaya, aka zuba masa ruwa a hannu daga buta, aka tafa. Yana cikin jawabi sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwa da jaki da gatari, tsaye a gindin itatuwa marasa ganye.

"Ga irin abin da muke faɗa!" ya ce cikin lasifika, yana nuna ta. "Irin waɗannan ne suke kashe mana itatuwa!"

Yelwa ba ta bukatar lasifika.

"Alhaji, ɗaga ƙafarka ka duba! Kututturen da kake tsaye a kai, tambayi yaronka wa ya sare shi!"

Baƙon ya dubi ƙasa. Muhammadu Lawan ya matso yana yi masa raɗa, gumi na bin tabarau. Jawabin da aka ce zai kai azahar, nan take aka rufe shi da addu'a, motoci suka juya.

Suka bar mata ramuka ɗari biyu da tsiro a ciki, a tsakiyar inda take shuka gero, rabin tsiron ma ba a cire musu leda ba. Ta tsaya tana dubansu tana zagi, ta zagi kwamiti, ta zagi rigar Ari, ta zagi tabarau. Da ta gaji, sai ta durƙusa ta fara tone tsiron ɗaya bayan ɗaya, tana yage ledar, tana mayar da su can bakin iyaka inda ba za su shanye wa gero ruwa ba. Washegari aka yi yayyafi. Ta ɗauki sungumi ta shiga shuka, ta fara daga gindin gawon nan biyar.