Ƙurajen Haɓar Baba

Wata Laraba ce cikin tsakiyar bazara, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu ta Lamorde, malaminmu da muke kira Mushe ya shigo da wata babbar takarda naɗe a hammata. Ya liƙa ta jikin allo, sai ga zanen wani mutum ramamme, ƙuraje sun feso masa a fuska, a gefensa an zana allura da reza da aska. Mushe ya ce ciwon sida ke nan, wato ƙanjamau, kuma askar da aka yi wa wani aski da ita tana iya ɗauko shi ta kai wa na gaba. Yara suna ta dariyar kunnuwan mutumin, ni kuwa bik ɗin da nake rubutu da shi ya faɗi ƙasa na kasa duƙawa in ɗauka. Haɓar mutumin nan haɓar Babana ce sak.

Baba mutumin Dogondutsi ne, ya daɗe yana jan taksi a Yamai da ɗan gemunsa, babu wanda ya dame shi. A shekarar ce ya samu aikin tuƙa motar wani ofishi a ƙetaren gada, kuma mai gidan nasa ba ya son ganin ko silin gashi a fuskar direbansa. Saboda haka duk bayan kwana biyu, kafin ya haye gada, sai ya tsaya gindin dogon yaro wajen wani wanzami, wanda askarsa ɗaya ce tal ga kowa da kowa. Ya wasa ta jikin fata, ya yayyafa ruwan sanyi daga gwangwani, ya kankare sama da ƙasa kamar mai fere rogo, domin Baba kullum cikin sauri yake. Ba a yi wata biyu ba ƙarƙashin haɓarsa ya cika da ƙuraje, wasu da ruwa, wasu sun bar baƙin tabo. Ga shi ya rame, don yini yake cikin mota yana jiran mai gida ba ci ba sha. Wannan bayanin duk daga baya na gane shi. A ranar dai aska na gani, da ƙuraje, da rama, na haɗa lissafina na gama: Baba mutuwa zai yi, kuma duk gidan ni kaɗai na sani.

Inna takan ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." To, na riƙe maganar nan da ƙarfina har kusan sati uku. Na daina 'yar carafke da tsallen igiya. In na je pampo sai in bar 'yan baya su wuce ni ina tsaye da bokiti ina tunanin wanda zai riƙe mu. In Inna ta soya kifin da ake kawowa daga Goudel, sai in lallaɓa in tura nawa cikin kwanon Baba. Na riƙa goge masa takalmi ba a sa ni ba, ni da sai an yi rantsuwa kafin in ɗauki tsintsiya. Inna ta ce ko dai aljanun kirki ne suka shige ni, in haka ne Allah ya zaunar da su. Shi kuwa wanzamin, Allah ya yafe mini, na daina gaishe shi, in na wuce sai in galla masa harara, bawan Allah yana ta mamakin abin da ya yi wa 'yar Isufu.

Wadda ta tono ni ita ce Tanti Hawa, Bazabarmiyar da muke katanga ɗaya da ita, ma'aikaciyar jinya. Ta aike ni sayen gawayi, na dawo mata da gishiri, ta zaunar da ni ta ce ba zan tashi ba sai na faɗi abin da ke cina. Na fashe da kuka na zazzage mata komai. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda haka. Ranar Lahadi da hantsi ta shigo gidanmu, ta zaunar da Baba kan turmi a fuskar rana, ta dafa ruwa, ta gasa masa haɓa da tawul, sannan ta sa ɗan hantsaki ta zaro wani abu daga cikin ƙurji guda ta ɗora mini a tafin hannu. Gashi ne, siriri, a nannaɗe.

"Kin gani? Gashinsa ne ya fito, ya lanƙwashe, ya koma cikin fata. Ba komai ba ne sai mugun aski."

Ta ce amma Mushe bai yi ƙarya ba game da askar taron jama'a, gara Baba ya je a duba jininsa, ko don yarinyar nan ta samu ta yi barci. Sai a lokacin Baba ya ji dalilin zuwanta. Ya daɗe yana kallona, har na fara shirin shan duka, sannan ya ce a hankali, "Ashe kifin da kike tura mini na ban kwana ne, Rabi?"

Baba mutum ne mai tsoron allura fiye da tsoron jandarma a bakin hanya, amma ya je. Bayan kwanaki ya dawo da la'asar da takarda ninke a aljihun gaba. An riga an faɗa masa sakamakon a can, amma bai nuna a fuska ba. Da yake bai yi boko ba, ni ce mai karanta duk takardar da ta shigo gidan, don haka ya miƙo mini ya ce in karanta da kaina. Na bi layukan da yatsa har na kai kan kalmar da Tanti ta koya mini in nema, wadda ke nufin babu. Na karanta ta sau uku. Na zauna daɓas a ƙasa, ina kuka ina dariya, Inna tana cewa, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," ita ma tana share ido da bakin zane. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na yammacin nan ba, kuma a ranar na cinye tuwona har na nemi ƙari.

Daga nan aski ya dawo gida. Baba ya sayi rezarsa shi kaɗai, ni kuma dafa ruwa ya zama aikina. Ya gasa fuska, ya murza sabulu har kumfa ta tashi, ya bi gashin yadda ya kwanta, sau ɗaya, ba komowa, ya wanke da ruwan sanyi ya shafa man kaɗanya. Kafin damina ta yi nisa ƙurajen sun mutu, tabon ne kawai ya ɗan jima. Wanzamin ma na koma gaishe shi, har da durƙusawa, don kunya.

Yanzu mijina shagon aski yake zuwa, a yi masa da inji cikin minti kaɗan, 'ya'yana kuma duk abin da ya tsorata su waya suke tambaya, ba sa kwana da shi a ciki. Wani lokaci ina kewar tsakar gidan nan da tururin ruwan safe. Baba ya bar tuƙi tuntuni, ya koma Dogondutsi ya saki gemu fari fat, yana faɗa da jikoki a kan sun taka masa tabarma. Na yi masa kukan mutuwa ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ga shi har yau in na kira waya, shi ne yake ɗauka.