Faɗa Mata da Hausa

Wata Alhamis cikin ranin 1986 na yini a gonar Kawu Sale da ke bakin kanal, a hanyar Bunkure, ina tsinkar tumatir tun hantsi har bayana ya ƙage. Ina aji biyar, ni aka zaɓa in riƙe tuta a macin makarantu a Kura, amma hedimasta ya rantse mai silifas ba za ta riƙe masa tuta ba. Kuɗin sandal nake nema. Da yamma na miƙa hannu, sai Kawu ya gyara hula, ya turo ƙirji, ya ce, "I owe you."

Kai, wannan magana ta ishe mu! Wajen ma'aikatan ruwa ya tsinto ta, lokacin da ya yi musu leburanci. A garinmu wanda ake bi bashi sauya hanya yake yi, in an yi kiciɓis ya sunkuyar da kai. Kawu kuwa da murmushi yake faɗinta, kamar kyauta ya yi maka. Ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa wa mai facin keke, ya ari tiyon ban ruwan babanmu ya faɗa masa. Da an ji Turanci sai bakin kowa ya mutu.

Na koma gida hannuwana kore shar da ganyen tumatir, ina kukan haushi. Iya, kakata wadda ta haifi Kawu, tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaya mata ma'anar, yadda malaminmu ya fassara mana. Ta ajiye rariya. "Au, bashi ne? Ni duk zatona gaisuwa ce!"

Washegari da safe ta ja ni har bakin titi, inda ake loda kwanduna a mota. A gaban dillalai ta ce, "Sale, abin da ka faɗa wa yarinyar nan, faɗa mata da Hausa." Ya yi dariya, ya maimaita Turancinsa. "Da Hausa na ce." 'Yan lodi suka tsaya. Kawu ya cire hula, ya mayar, gumi ya karyo masa, wallahi Hausar nan ta ƙi fita. Aljihu ya laluba, ya biya ni. Ranar maci na riƙe tutata da sabon sandal yana cizon dunduniyata, ban damu ba.

Yau 'ya'yana ta waya suke turo mini wannan magana, har da 'yar fuska mai dariya. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Babu mai tsare su ya ce su faɗa da Hausa.