Gajeriyar Igiya

Ranar Lahadi na raka wani ɗan Kano duba kaya a ƙetaren kogin Guangzhou. Muna kan gada na hango jirgin yashi, mai faffaɗan gindi, ya nutse har wuya, yana tafiya a hankali. Na tsaya kallo har abokin tafiyata ya gaji.

Ni a bakin kogin Kwara aka haife ni, kusa da Yawuri. Ban yi boko ba. Kakana mai fito ne, shi ke haye da mutane ranar kasuwa. Yana da aboki, tsohon soja, wanda ya yi yaƙin Turawa ya dawo da kunne ɗaya. Da rani, in ruwa ya ja, su biyu sukan zauna kan rairayi bayan la'asar, ga warin kifin da ake banda, ga hayaƙi. Hirarsu ɗaya ce kullum.

Tsohon sojan yakan ja layi biyu a ƙasa da sanda. Nan ƙasar Ingila, can gaɓar da Jamusawa suka tsaya, tsakaninsu siririn teku. Ya ce wani hafsansu ya faɗa musu Jamusawa sun tara jiragen kogi don su haye da sojoji da dawakai. Da yawan jiragen ba inji, sai a ɗaura su a bayan mai inji a ja. Daga baya suka fasa.

"Da sun taso, da sun haye," in ji shi. "Ba ka san mutanen nan ba, mai fito."

"Kofur, kai ba ka san ruwa ba. Ko a kwalbati tsoro kake ji."

Kakana bai taɓa tambayar yawan bindigoginsu ba. Yakan tambayi gindin jirgin, da inda iska ke fitowa, da wanda zai riƙe dawakai in ruwa ya tashi. Ƙarshe ya ce jirgin kogi na kogi ne. Sai su tashi alwala.

Ina da wajen shekara goma aka tare kogin da madatsa. Ruwa ya cinye tsibiran da muke noman albasa, ya yi faɗi har ba a hangen ɗaya gaɓar. Ya fara igiyar ruwa irin wadda ba mu sani ba. Babana ya samo injin jirgi, na farko a ƙauyen. Da kaka ta yi, ya shirya jan kwalekwale uku cike da albasar da aka noma a sabuwar gaɓa zuwa kasuwar ƙetare. Ƙaninsa zai zauna a na ƙarshe, ni a na tsakiya.

Kakana ya zo ya duba ɗaurin. Gajeriyar igiya ce, yadda muka saba, don jirage su bi kwanar kogi ba su watse ba.

"Wannan shirin Jamusawa ne," ya ce.

"Baba, awa biyu ne kawai," in ji babana.

 Kakana ya kama hannuna ya fitar da ni daga jirgin.

Iska ta same su a tsakiya. A kogi gajeriyar igiya riƙo ce. A buɗaɗɗen ruwa kuwa, wannan jirgi ya ɗaga, wancan ya faɗo a kansa. Na tsakiya ne ya fara tsagewa, ya ja na ƙarshe. Babana ya yanke igiya don kada su tafi duka. Ya dawo shi kaɗai. Ƙaninsa sai bayan kwana uku masunta suka kawo gawarsa.

Tsohon sojan ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da kakana. Daga ranar ban sake ganin ya ja layi a ƙasa ba.

Yau aikina loda kwantena a unguwar Xiaobei, nan Guangzhou. Kaya su bi teku, ni in bi sama. Yaran yanzu suna ganin komai a waya. Kwanan baya a wajen cin abinci na ji biyu suna gardama kan wannan tsohon shirin na Jamusawa, da taswira da kibau, ɗaya yana rantsuwa da sun haye. Suka juyo suka ce, "Alhaji, me ka gani?"

Na ce su Jamusawa sun fasa. A gidanmu ne aka gwada.